Yadda magidantan Damagaram suka shiga maganar awon ciki

A gidajen da muka taso a ƙasar Damagaram, aikin uba a kan haihuwa sananne ne: ya tanadi itacen wankan jego, ya sayi ragon suna, ya yi wa jariri huɗuba a kunne, ya raba goro ranar bakwai. Sauran kuwa na ungozoma ne da tsofaffin gida. Idan cikin fari ne, matar takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, shi kuma kunya ta hana shi ko tambayar lafiyarta a gaban mutane. Amma wannan mutumin da aka ware daga ɗakin haihuwa, shi ne mai ba da izinin fita, kuma kuɗin amalanke ko na mota yana aljihunsa. Na ga matan da suka kwana biyu suna naƙuda ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Binciken lafiyar jama'a na Nijar na 2006 ya nuna mata 648 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. A 2007 hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi nazari a jihar Damagaram kan abin da ke hana mata zuwa likita, aka gano cewa ikon miji da halinsa suna kan gaba. Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya suna tara mata suna yi musu bayani, alhali mai yanke hukunci yana zaune a gindin bishiya, ba wanda ya ce masa uffan.

Daga nan aka kafa makarantun magidanta, waɗanda ake kira École des Maris da Faransanci. A 2008 an fara da guda 11 a yankunan Magarya da Matamaye. Tsarin nasu shi ya fi burge ni. Babu aji, babu allo, babu shugaba. Maza ne da ba su wuce 12 ba, kowanne mai aure, ya kai shekara 25, mutumin kirki a idon gari, wanda matarsa ke zuwa likita, kuma ba a biyansa albashi. Sukan zauna sau biyu a wata, su duba matsalar da ke gabansu, su kira unguwarzoma ta asibiti ko malamin addini idan abu ya shige musu duhu, sannan su bi majalisa da wurin suna da ɗaurin aure suna yi wa 'yan'uwansu magana. Maganar da magidanci ba zai karɓa daga bakin baƙuwar ma'aikaciya ba, yakan saurare ta daga maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci. A wasu garuruwa har ban-ɗaki da masaukin unguwarzoma suka gina da hannunsu. Sarakuna sun mara musu baya, abin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, ya ƙetara har Burkina Faso da Senegal.

Wajen auna nasara ne nake da magana. Abin da aka fi ƙirgawa shi ne rajistar asibiti: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a hannun ma'aikaci, nawa suka karɓi maganin tazarar haihuwa. Alƙaluman sun tashi, kuma na yi murna. Sai dai tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin awon ciki da tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, don haka mai adalci ba zai jingina duk ƙarin ga makarantun ba. Ga kuma abin da rajista ba ta iya gani. Shin uban ya kai yaron rigakafi da kansa? Ya san ranar da aka yaye shi? Ya bar 'yarsa ta gama makaranta? Shin matar ta samu ta cewa a kan lafiyar jikinta, ko dai izinin ne kawai ya yi sauƙin samu?

Masu tsara irin wannan shiri a Kano ko Maraɗi, ku riƙe darasin Magarya na fara tambayar wa ke yanke hukunci a gida. In kun zo aunawa kuma, ku shiga gidajen ku tambayi matan da kansu, ba a gaban mazajensu ba.