Gobarar Boston ta 1942 da yadda likitoci suka fara sauraren masu makoki

 Shirinmu na yau zai ɗan yi nauyi, don haka wanda bai jima da yin rashi ba ya bi shi a hankali. Tarihi za mu bi, mu ga yadda aka yi likitoci suka fara ɗaukar alhinin mutuwa a matsayin abin da ake zama da mutum a taimaka masa a kai.

Za mu fara daga birnin Boston na Amurka, daren Asabar 28 ga Nuwamba, 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai wani gidan rawa da cin abinci mai suna Cocoanut Grove. A daren nan mutanen da ke ciki sun kai kusan dubu ɗaya, ninki biyu ke nan na abin da aka yarda wurin ya ɗauka. Wuta ta tashi daga ɗakin ƙasa, ta kama kayan adon da aka lulluɓe rufi da su, cikin 'yan mintuna ta gama gidan. Babbar ƙofar shiga irin mai juyawar nan ce, da jama'a suka danno ta gefe biyu sai ta cije. Wasu ƙofofin kuma an kulle su. Mutum 492 suka mutu.

An kai wasu daga cikin waɗanda suka ƙone Babban Asibitin Massachusetts. Likitocin fiɗa suna ta fama da ƙuna, sai suka lura akwai wani ciwon da magani bai taɓa shi, domin da yawa cikin majinyatan sun rasa mata ko miji ko iyaye a wutar. Aka kira likitocin ƙwaƙwalwa, cikinsu har da Erich Lindemann, haifaffen Jamus. Ya riƙa zama da su yana saurare yana rubutawa. A 1944 ya fitar da maƙala kan mutum 101 da suka yi rashi, wasu daga gobarar, wasu iyalan sojoji da na majinyata. Da yawa suna ganin daga wannan maƙalar aka fara nazarin makoki a asibiti.

To me ya gano? Na farko, alhini a jiki yake kama mutum. Yana tasowa ya lafa, kowace tasowa ta ɗauki minti 20 zuwa awa ɗaya: maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya yi wuya, mutum ya yi ta ajiyar zuciya, ciki ya zama kamar ba komai, gaɓoɓi su mutu. Sannan fuskar mamaci ba ta barin idonsa. Sai zargin kai, da ma na yi kaza, da ma ban bar ta ta je ba. Sai saurin fushi, har da masu zuwa gaisuwa. Sai kuma mutum ya kasa yin ayyukan da ya saba yi kullum ba tare da tunani ba. Wanda ya taɓa rasa uwa ko uba ya san abin da ake faɗa.

Akwai labarai biyu a maƙalar da nake so ku riƙe. Wata yarinya 'yar shekara 17 ta rasa iyayenta duka biyu da saurayinta, ita ma ta ƙone. A asibiti fara'a kawai take yi, kamar ba abin da ya faru. Sai da aka kai mako na 10 sannan abin ya sauko mata. Na biyun wani mutum ne ɗan shekara 32 da ƙunarsa ba ta yi yawa ba, aka sallame shi ana ganin ya warke. Matarsa ta mutu a wutar, shi kuma ya suma a lokacin da yake ƙoƙarin fito da ita. Bayan 'yan makonni aka dawo da shi asibiti, ya kasa zama wuri ɗaya, yana ta cewa laifinsa ne, a ƙarshe ya kashe kansa. Kun ga, da mu ne a wurin, su biyun nan ne za mu yaba mu ce kai, wane akwai dangana.

Shawarar Lindemann ita ce a zauna da mai makoki, a bar shi ya yi maganar mamacinsa, ya yi kuka, ya faɗi abin da yake zargin kansa da shi, sannan a taya shi tsara yadda zai rayu a gaba. Ya kuma ce malaman addini da ma'aikatan jin daɗin jama'a suna da babban rabo a aikin. Inda ya yi kuskure shi ne lissafi. Ya ɗauka zama 8 zuwa 10 cikin mako 4 zuwa 6 ya isa a shawo kan makoki na yau da kullum. Waɗanda suka biyo bayansa sun ga abin ya fi haka tsawo sosai. A Ingila, Margaret Torrie ta kafa ƙungiyar Cruse a 1959 domin matan da mazansu suka rasu, shi kuma likita Colin Murray Parkes ya bi wasu irin waɗannan mata a Landan fiye da shekara guda, ya tarar da yawansu har lokacin suna cikin jimami.

Wataƙila kun taɓa ganin hoton nan da ke yawo a intanet na matakai biyar na makoki: musu, fushi, neman sasanci, baƙin ciki, sai karɓar ƙaddara. Daga littafin Elisabeth Kübler-Ross na 1969 aka samo su. Abin da ba a cika faɗa ba, hirarrakin da ta yi a Chicago da majinyatan da su kansu ke gab da mutuwa ta yi su. Daga baya ne aka ɗora matakan kan waɗanda aka bari. Binciken da aka yi tun daga lokacin bai tabbatar da cewa kowa yana bin su a jere ba. Don haka idan ba ka ji fushi ba, ko ka dangana yau gobe kuka ya dawo, lafiyarka ƙalau.

Wani abin da ya canza shi ne maganar mantawa. Sigmund Freud ya rubuta a 1917 cewa aikin makoki shi ne zuciya ta saki mamaci. A 1920 'yarsa Sophie ta rasu a annobar mura, kuma bayan shekara 9 ya amsa a wata wasiƙa cewa ba a samun madadin wanda aka rasa. A 1996 Dennis Klass da abokan aikinsa suka fitar da littafi suna nuna cewa ci gaba da tuna mamaci da riƙe alaƙa da shi abu ne na lafiya. Mu da muke yi wa iyayenmu addu'a da sadaka, muke sa wa 'ya'yanmu sunansu muna kiransu Abba da Ummi, ai wannan ba baƙon abu ba ne.

Yau inda aka tsaya shi ne, yawancin mutane suna farfaɗowa da taimakon dangi da abokai da imaninsu, ba sai sun ga likita ba. Amma akwai kaɗan da abin ke riƙe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makoki mai tsawo cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022: idan an wuce aƙalla wata 6, kewar tana nan da zafinta, ta hana mutum aiki da mu'amala, kuma ta zarce abin da al'adarsa da addininsa suka saba. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka su wata 12 suka sa ga manya.

Mu dawo gida. Muna da zaman makoki, muna da ta'aziyya, maƙwabta suna kawo abinci, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar bayan yaƙin Mu'uta. Shi kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Matsalarmu tana farawa ne bayan an naɗe tabarmi. Kwana uku gida cike, bayan arba'in shiru, mai takaba ta ƙarasa wata huɗu da kwana goma kusan ita kaɗai. Ku tuna yarinyar Boston, mako na 10 ya wuce arba'in da wata guda.

Saboda haka idan kana da aboki da ya yi rashi, ka koma wurinsa a wata na biyu da na uku. Ka ambaci sunan mamacin, ka bar shi ya ba da labari ko da ka ji shi sau goma, kada ka yi saurin rufe masa baki da "sai haƙuri". Idan ka ga ya daina cin abinci da barci, ko ya fara shaye-shaye, ko yana cewa gara ya bi mamacin, to kada ka bar shi shi kaɗai, ka raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu haƙurin rashinsu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.