Kundin Fata da Faifan Laser: Labarin Domesday Biyu

A ƙarshen shekarar 1085, lokacin bikin Kirsimeti, Sarki Wiliyam na Normandi, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya tara manyan fadawansa a garin Gloucester, ya ba da umarni a zaga ƙasar a rubuto masa abin da kowa ya mallaka. A 1086 wakilansa suka bazu, suna zama gunduma-gunduma, suna rantsar da mutanen gari: wannan ƙasa ta wa ce, ta wa ce a zamanin Sarki Edward kafin yaƙin, garma nawa ke nomanta, bayi nawa, wuraren niƙa nawa, nawa take kawowa. Abin da aka tattaro ya ƙunshi wurare 13,418. Babban kundin kusan duk hannun magatakarda ɗaya ne, a kan fatar tumaki, da Latin mai cike da gajerce-gajercen kalmomi. Idan ya rubuta sunan gari yakan ja masa jan layi ta tsakiya, wanda mai karatu na yau zai ɗauka sokewa ce, alhali alama ce don ido ya faɗa kan sunan da sauri. Mutane suka laƙaba wa kundin Domesday, wato Ranar Hisabi, saboda abin da ya faɗa game da ƙasa ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Yana nan har gobe a Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew, a Landan, kuma yana karantuwa.

Da kundin ya kusa cika shekara 900, BBC ta ƙudura yin irinsa na zamani, tare da kamfanonin Acorn da Philips da Logica. Aka yanka taswirar Birtaniya gida-gida, kowane gida kilomita 4 a kwance 3 a tsaye, aka raba wa makarantu. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu, galibinsu yara 'yan makaranta, suna rubuta yadda rayuwar unguwarsu take, suna ɗaukar hotuna. Aka haɗa da taswirori da bidiyo da alƙaluman ƙidayar 1981, aka zuba duka a faifan laser guda biyu, faifan al'umma da faifan ƙasa, aka fitar a Nuwamban 1986, bayan an kashe kimanin fam miliyan 2.5. Aiki ne na gwaninta tun kafin a san shafukan intanet. Sai dai faifan ba sa buɗuwa sai da kwamfutar BBC Master da aka yi wa ƙari na musamman, da na'urar Philips VP415, kuma kuɗin kayan ya kai wajen fam 5,000. Makarantu kaɗan ne suka iya saye. Kasuwa ta koma ga faifan CD, aka daina ƙera na'urar. Zuwa 2002 jaridun Birtaniya sun fara yi wa abin dariya: kundin fata ya shekara 900 lafiya lau, na laser bai kai 20 ba ya zama kurma.

Mai gaggawa zai ce hukunci ya fito, takarda ta fi na'ura, a koma ga alƙalami. Wannan fahimta ce mai arha, kuma tarihi bai goya mata baya ba. A 1922, a yaƙin basasar Ayilan, ofishin ajiyar takardun gwamnati da ke Dublin ya ƙone, takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba. A 1973 gobara a St. Louis ta Amurka ta cinye fayilolin tsofaffin sojoji tsakanin miliyan 16 da 18, ba su da kwafi a ko'ina. Fata da takarda ba su da wani asiri. Abin da ya tsare Domesday na farko shi ne yana da mai shi, kuma mai shi yana da bukatarsa. Baitulmalin sarki ne ya riƙe shi, farko a Winchester, daga baya a Westminster, kuma ƙarni bayan ƙarni ana ciro shi a shari'ar ƙasa da haraji. Duk hukumar da kuɗin shigarta ya rataya a kan wani kundi ba za ta bari ɓera ya ci shi ba. An buga shi da injin ɗab'i a 1783, an ɗauki hotunan shafukansa a shekarun 1860, an sha sake masa ɗinki. A yaƙin duniya na biyu aka kwashe shi daga Landan aka ɓoye a gidan yarin Shepton Mallet don gudun bama-bamai. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai wani ne ya yanke shawara, wani ya sa hannu a kan kuɗi.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. Kundin fatar ma ba kowa ke iya buɗe shi da ido kawai ba. Baturen Ingila na yau, ko da digiri gare shi, in aka ajiye masa shafi ɗaya sai ya yi zuru, domin Latin ne, kuma rabin kalmomin an datse su da alamomi. Ilimin karanta wannan rubutu shi ne na'urarsa, kuma an riƙa koyar da shi daga malami zuwa ɗalibi ba a bari ya yanke ba. Mai karatun Hausa ya san wannan sarai: littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na ƙaninsa Abdullahi sun iso mana ne saboda almajirai sun yi ta kwafarsu kafin gara da damina su gama da tsohuwar takarda, kuma akwai masu zama gaban malami su karance su. To Domesday na 1986 bai sami irin wannan silsila ba. An yi shi ne a matsayin aikin biki mai ranar farawa da ranar gamawa. Da aka yi bikin, ma'aikatan suka watse zuwa wasu ayyuka, ba a bar wani ofishi da kasafin kuɗi da nauyin juya bayanan zuwa sabuwar na'ura duk lokacin da tsohuwa ta fara tsufa ba. An yi tuya an manta da albasa.

Wani zai ce ai ba a rasa komai ba, tunda daga baya an ceto bayanan. Gaskiya ne an ceto da yawa, amma a dubi yadda aka yi. A 2002 masu bincike na jami'o'in Leeds da Michigan, a wani shiri mai suna CAMiLEON, suka rubuta manhajar da ke sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar BBC Master, kuma sai da suka nemo tsohuwar na'ura mai rai kafin su iya kwaso abin da ke kan faifan. Wani ma'aikacin shirin na asali, Andy Finney, ya koma ga kaset-kaset ɗin bidiyo da aka yi faifan da su, domin hotunan ba a ajiye su a matsayin lambobin kwamfuta ba, hoton bidiyo ne ɗaya bayan ɗaya. Wani masanin manhaja, Adrian Pearce, ya warware tsarin faifan al'umma, ya sa shi a intanet a 2004, da ya rasu a 2008 shafin ya rufe. Wannan ceto ne da ƙyar da jiɓin goshi, wanda ya dogara ga mutane ƙalilan da suka ga abin ya dame su, da kuma sa'ar cewa kaset ɗin ba a goge su ba. Ba kullum ake samun wannan sa'a ba. A 2009 hukumar NASA ta amsa cewa kaset ɗin asali da suka ɗauki saukar Apollo 11 a kan wata a 1969 kusan tabbas an goge su an sake amfani da su, kawai saboda a lokacin ana ƙarancin kaset, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin cewa waɗannan kam kada a taɓa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa zamani ya canja: 1986 lokacin jarirantakar fasaha ne, kowane kamfani da tsarinsa, yanzu kuwa akwai tsare-tsaren fayil da kowa ya yarda da su, ga manyan rumbunan ajiya na intanet masu kwafi a nahiyoyi daban-daban. Akwai gaskiya a nan, kuma ba za a zargi injiniyoyin BBC da zaɓen faifan laser ba, tunda a ranar babu abin da zai ɗauki wannan tarin hotuna in ban da shi. Amma sauƙin kwafi bai amsa tambayar wa zai kwafa ba, kuma wa zai biya. Yahoo ta rufe GeoCities a 2009, da ɗimbin shafukan da mutane suka gina tun shekarun 1990, sai abin da 'yan sa-kai suka yi rige-rigen kwashewa. A 2019 MySpace ta sanar da cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora mata cikin shekara 12 sun salwanta wajen ƙaura daga wata na'urar ajiya zuwa wata. Hukumar da ta damƙa bayananta ga kamfani ta sauya wa matsalar mazauni ne kawai, yanzu ran bayanan yana hannun kwangila da lissafin ribar wani.

Akwai wani ƙulli na ƙarshe da ba na na'ura ba ne sam. Lokacin da ake karɓar rubuce-rubuce da hotuna a 1986, izinin da aka nema na faifan laser ne, ba wanda ya hango intanet. Da BBC ta sake fitar da abin da ke faifan al'umma a 2011 da sunan Domesday Reloaded, ta samu ta wuce wannan shinge, daga baya kuma aka miƙa shafin ga Taskar Tarihi ta Ƙasa, gidan da kundin fatar yake. Faifan ƙasa kuwa, mai alƙaluma da hotunan ƙwararru da bidiyon labarai, haƙƙin mallakarsa ya warwatsu a hannun masu shi da yawa, bai fito fili irin haka ba. Mai son ganin tsarin yadda aka gina shi sai ya nufi gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park, inda 'yan sa-kai ke lallaɓa tsofaffin na'urorin da aka daina ƙera wa kayan gyara tun tuni.