Ƙera jirgin sama da gyaransa: Hanyar da ke gaban matasa da matan Kano

Duk wanda ya tashi a Fagge ko Sabon Gari ya saba da rugugin jirgin sama tun yana goye, domin filin jirgin Malam Aminu Kano maƙwabcinsu ne. Sai dai ba kowa ya san cewa jirgin fasinja ba ya tashi ba sai wani injiniya mai lasisi ya sa hannu ya tabbatar da lafiyarsa. Wannan aiki da na ƙira su ne ɓangaren da ba a cika nuna wa matasa ba, balle mata.

Kano da jirgin sama

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya. Filin jirgin Kano ya fara aiki a 1936, kuma shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Daga bisani kamfanoni irin su Kabo Air da Azman Air suka kafa cibiyarsu a birnin.

A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da tarkacen motoci da babura. Jirgin ya ɗaga kimanin ƙafa 7 daga ƙasa. Labarin ya zaga duniya, ya kuma tabbatar da cewa akwai baiwa. Amma baiwa kaɗai ba ta ba mutum izinin taɓa jirgin da ke ɗauke da rayuka.

Bambancin ƙira da gyara

Ƙira ita ce tsara jirgi, da lissafa nauyinsa da ƙarfin fukafukansa, da haɗa shi, da gwada shi. A Kaduna an taɓa haɗa ƙananan jiragen horo kimanin 60 masu suna Air Beetle, bisa tsarin wani jirgin Amurka, domin rundunar sojan sama. A Fabrairun 2018 kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi na rundunar.

Gyara kuwa aikin kullum ne, kuma shi ya fi ɗaukar ma'aikata. Wasu suna ƙwarewa a gangar jirgi da injinsa, wasu a na'urorin lantarki da na sadarwa. Ana duba jirgi kafin ya tashi, sannan bayan wani adadin sa'o'in tafiya ko watanni a shigar da shi rumfar gyara a yi masa babban garambawul. Komai ƙanƙantar aikin da aka yi, sai an rubuta shi, an sa hannu.

Inda ake koyo

Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, NCAT, wadda aka kafa a 1964, tana da sashen horar da injiniyoyin gyaran jirgi. Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, AFIT, tana karɓar farar hula ta hanyar JAMB, kuma tana ba da digiri a injiniyancin jiragen sama. Tushen shiga shi ne sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da fiziks.

Kammala karatu ba shi ne ƙarshe ba. Hukumar NCAA ce ke ba da lasisi bayan jarrabawa. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sai mai nema ya kai shekara 18, ya kuma yi aiki a jikin jirgi na shekara 4, ko 2 idan ya kammala horon da aka amince da shi. Nan ne ake yawan maƙalewa, domin ba a samun wannan gogewa sai a rumfar gyara mai rajista.

Ina mata suke?

Binciken ICAO ya nuna cewa a 2021 mata ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na injiniyoyin gyaran jirgi masu lasisi a duniya ba. A Nijeriya, matan da suka yi suna sun fi yawa a tuƙi: Kyaftin Chinyere Kalu, wadda ta shugabanci kwalejin Zariya, da Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile, waɗanda rundunar sojan sama ta yaye a 2019.

Aikin ba ƙarfin damtse yake nema ba, natsuwa yake so da bin littafin umarni daki-daki. Cikas ɗin yana farawa ne tun a sakandare: yarinyar da ba ta shiga ajin kimiyya ba, ko makarantarsu ba ta da malamin fiziks, an rufe mata ƙofa tun ba ta san da ita ba.

Abin da ake asara

Kamfanonin jiragen Nijeriya sun daɗe suna kai jiragensu ƙasashen waje domin babban garambawul, suna biya da dala. Sai a 2018 kamfanin Aero Contractors ya yi irin wannan aiki ga jirgin Boeing 737 a Legas. Duk jirgin da aka fitar gyara, ya tafi da kuɗin ƙasa da guraben aikin 'ya'yanta.

Kano ba ta rasa masu aikin hannu ba; kanikawa da masu gyaran lantarki na Sabon Gari shaida ne. Abin da ake buƙata shi ne a kai wannan basira zuwa ga lasisi. Don haka, idan ɗan siyasa ya zo da alkawarin ƙarfafa matasa, akwai tambayoyi uku da za a yi masa: ɗalibai nawa za a ɗauki nauyinsu zuwa Zariya da Kaduna, kuma nawa ne mata a ciki? Makarantun 'yan mata nawa ne ke da ɗakin gwaji da malamin fiziks? A wace rumfar gyara waɗanda suka kammala za su yi shekarun gogewarsu?