Tarihin Gidan Ruhubanawa na Silos

A shekara ta 2041, in Allah ya kai mu, za a cika shekara dubu da zuwan wani rahibi korarre mai suna Domingo kwarin Tabladillo, a lardin Burgos na ƙasar Sifen, inda ya tarar da wani tsohon gidan ibada da ya kusa zama kufai, wanda basarake Fernan Gonzalez ya taɓa yi wa kyautar filaye a 954, amma hare-haren Almansur, wazirin Ƙurɗuba, suka kassara shi a ƙarshen wannan ƙarni. Dalilin korarsa shi ne abin da ya fi ɗaukaka shi a idon marubucin nan. Sarki Garsiya na Nabara ya nemi a danƙa masa dukiyar gidan ruhubanawa na San Millan, Domingo kuwa, da yake amanar tana hannunsa, ya ƙi, domin a wurinsa wakafi ba ya komawa baitulmalin sarki ko da sarkin ya fusata. Ya bar ƙasar, sai Sarki Fernando na Kastila, ɗan'uwan Garsiya, ya karɓe shi ya naɗa shi shugaban wancan tsohon gida na Silos a 1041.

Shekara 32 ya yi yana gini, yana tara almajirai da masu kwafar littattafai, yana fansar fursunonin yaƙi, har ya rasu ranar 20 ga Disamba 1073, aka sauya wa gidan suna daga San Sebastian zuwa nasa. Magajinsa Fortunio ya ga keɓe sabuwar majami'a a 1088, kuma a wannan zamani na albarka aka fara sassaƙa farfajiyar nan mai baranda huɗu wadda har yau ita ce abin alfaharin gidan: ginshiƙai bibbiyu, kawunansu cike da tsuntsaye da zakoki da rassa masu sarƙewa, waɗanda duk mai ido zai ga kamanninsu da aikin masassaƙan Andalus. Ba abin mamaki ba ne, gama a taskar gidan an daɗe ana ajiye wani ɗan akwatin hauren giwa da Muhammadu ɗan Zayyan ya sassaƙa a Kuwenka a shekara ta 417 bayan hijira, wato 1026, da sunansa a jiki cikin rubutun Kufi. A ɗakin karatu akwai littafin addu'o'i da ake lissafawa cikin mafiya daɗewa da aka rubuta a kan takarda a Turai ta Nasara, alhali sana'ar takarda a lokacin tana hannun Musulmi. Sharhin Wahayin Yahaya mai zane-zane, wanda aka kammala a gidan a 1109, yana Landan yanzu.

Ƙarnonin da suka biyo baya ba sa bukatar dogon bayani. A tsakiyar ƙarni na 18 aka rushe tsohuwar majami'a aka gina wata bisa tsarin Bentura Rodriguez, abin da masana ke kuka da shi, ko da yake farfajiyar ta tsira, ita ce kuwa zuciyar gidan. A 1835 hukuma ta ƙwace wakafan ruhubanawa a Sifen baki ɗaya, gidan ya zauna shiru shekara 45, littattafai suka watsu, sa'an nan a Disamba 1880 waɗansu ruhubanawa daga Liguje ta Faransa, a ƙarƙashin Ildefonso Gepin, suka sake buɗe ƙofa.

Su ne suka farfaɗo da waƙen ibada na Latin, wanda ake rerawa ba ganga ba molo, wanda kuma a 1994 ya fita a faifai ya sayu miliyoyi a duniya, ruhubanawan kuwa ba su fasa tashin asubarsu ba. Ƙauyen Silos mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, da yawansu abincinsu daga baƙi yake, kuma gidan ne ke riƙe da su. Saboda haka masu zuwa Ƙurɗuba da Garnaɗa neman sawun Andalus ya kamata su ƙara tafiya arewa, su fara da gidan tarihi na Burgos inda akwatin ɗan Zayyan yake yanzu, daga nan kuma tafiyar kamar kilomita 60 ce zuwa Silos.