Kukan Gefen Filasma: Tarihin Igiyoyin Rediyo a Cikin Tokamak



Tun wajen 1950 masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Tamm da Sakharov, suka kawo shawarar a tsare iska mai tsananin zafi, wadda ake kira filasma, cikin tukunya mai siffar awarwaro, maganaɗisu ya hana ta taɓa bango, har ƙwayoyin zarra su haɗe su ba da ƙarfi kamar yadda ke faruwa a cikin rana. Wannan tukunya ita ce tokamak. A 1968, a taron Novosibirsk, Artsimovich ya ce na'urarsu T-3 ta kai zafin digiri miliyan 10. Mutanen Yamma ba su gaskata ba, sai da masanan Culham ta Ingila suka tafi Mosko a 1969 suka auna da kansu.

Amma labarinmu na yau daga Jamus ta Yamma ya faro. A 1982, a Garching kusa da Munich, Friedrich Wagner ya lura cewa idan aka ƙara wa na'urar ASDEX wuta, sai filasma ta gina wa kanta katanga a gefe, riƙon zafinta ya ninka kusan sau biyu. Murna ba ta daɗe ba, domin katangar irin madatsar ruwa ce a tsakiyar damina: matsi ya taru bayanta, ta ɓalle cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ta watsa wa bango zafi, sa'an nan ta ginu, ta sake ɓallewa. A ƙaramar na'ura abin da sauƙi. A ITER kuwa, wadda ake ginawa a Cadarache ta Faransa, lissafi ya nuna ɓallewar za ta iya narka fuskar bango in ba a shawo kanta ba.

To, yaya za a binciki wurin da ba abin awon da zai shiga ya daɗe? Sai a kasa kunne. Kowace ƙwaya mai caji kewaya layin maganaɗisu take yi, kuma saurin kewayawarta ya dogara ga ƙarfinsa. Ƙwayar diteriyam, cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 2, tana kewayawa wajen sau miliyan 15 a daƙiƙa, watau daidai mita 19 a gajeren zango, inda da yawanmu suka saba kama labaran duniya. Saboda haka wanda ya san zangon da igiya ta fito, ya san wurin da aka haife ta.

A na'urar JET ta Culham, Cottrell da Dendy suka ba da rahoton irin waɗannan igiyoyi a 1988. A Nuwamba 1991, da aka sa tiritiyam a karo na farko, sai aka ga ƙarfin igiyoyin yana hawa tare da yawan haɗewar zarra, zangonsu kuma ya nuna daga gefen waje suke fitowa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, in babbar ɓallewa ta auku sai su yi tsit, alamar ta kwashe ƙwayoyi masu gudu da ke haifar da su.

Daga baya aka sami akasin haka. Na'urar MAST, wadda a 2004 ta nuna hoton ɓallewar tana fita zare-zare kamar harsunan wutar rana, ta kama ƙarar gajerun igiyoyi wadda ta ninka abin da zafi kaɗai zai bayar sau dubbai. Freethy da abokan aikinsa suka bayyana a 2015 cewa ɓallewar ce ke ingiza ilektaron da gudu mai tsanani. A KSTAR ta Koriya ta Kudu kuwa, an ji zangon igiyoyin yana zamewa ƙasa da sauri, aka fassara shi da raguwar kaurin filasma sa'ad da katanga ke rushewa.

Maganin ɓallewar ta wata hanya ya zo. A 2004 masanan DIII-D a San Diego suka nuna cewa ƙaramin maganaɗisu na musamman a gefe yana iya hana ta, kuma an tanadi irinsa domin ITER. Ita JET, wadda ta jiyar da mu wannan kuka, an kashe wutarta a Disamba 2023.