Abin da fayilolin 'yan sandan Boston suka tona game da masu laifin ƙiyayya

Idan aka ce an kai wa mutum hari don kawai launin fatarsa ko addininsa, hoton da ke zuwa ran mai sauraro shi ne na riƙaƙƙen ɗan ƙungiya mai tsattsauran ra'ayi. Masana halayyar ɗan'adam ma da irin wannan tunanin suka soma. A 1950 Theodor Adorno da abokan aikinsa sun wallafa bincike a Amurka, suna ganin tarbiyya mai tsauri ce ke samar da mutum mai biyayyar makauniya ga na sama da tsanar duk wanda ba irinsa ba. A 1954 Gordon Allport ya ce ƙiyayya hawa-hawa ce: daga mugun furuci, zuwa ƙaurace wa mutane, zuwa wariya, zuwa duka, har kisan ƙare-dangi. Sai dai dukkansu abin da ke cikin ran mutane suke nazari. Wanda ya ɗauki sanda ya fita titi bai shigo lissafi sosai ba.

Birnin Boston ne ya sauya labarin. A 1974 kotu ta ba da umarnin a riƙa kwasar ɗalibai a motocin bas zuwa makarantun wasu unguwanni domin a gauraya baƙaƙe da farare, gari kuwa ya rikice. A 1978 'yan sandan birnin suka kafa sashe na musamman mai bin diddigin irin waɗannan hare-hare. Gwamnatin tarayya ba ta yi dokar tattara alƙaluman laifin ƙiyayya ba sai 1990, ka ga kenan Boston ta riga kowa tara fayiloli.

Waɗannan fayilolin ne Jack Levin da Jack McDevitt na Jami'ar Northeastern suka yi aiki da su. A 1993 suka raba masu laifin gida uku, a 2002 kuma, tare da Susan Bennett, suka duba ƙararraki 169 suka ƙara gida na huɗu.

Sakamakon ya ba mutane mamaki. Kashi 66 cikin ɗari neman nishaɗi ne ya fito da su. Samari ne a gungu, zaman banza ya ishe su, sai su bar unguwarsu su tafi farautar wanda za su daka. Ba su san shi ba, kuma da wani mai irin kamarsa suka fara cin karo da shi, shi zai sha dukan. Abin da suke nema shi ne labarin da za su yi alfahari da shi gobe a majalisa. A ganina, wajen da binciken ya fi amfani shi ne inda ya duba cikin gungun kansa: akwai jagora, akwai 'yan rakiya masu bin yarima a sha kiɗa, akwai wanda ransa bai so ba amma ya ja bakinsa ya yi shiru, wani lokaci kuma akwai wanda ke yunƙurin hanawa. To, ƙiyayyar da ke ran mafi yawansu ba ta da zurfi, amma ita ce ke nuna musu wanda za a taɓa a ga kamar ba a yi komai ba.

Kashi 25 kuma masu ganin suna "kare" unguwarsu ne daga baƙi. Donald Green da abokansa sun ƙarfafa wannan a 1998, da suka nuna cewa a New York hare-haren sun fi yawa a unguwannin farare da wasu jinsuna suka fara shigowa. A shekarar dai suka sake auna tsohuwar da'awar Hovland da Sears ta 1940, wai kisan gillar baƙaƙe a kudancin Amurka na ƙaruwa idan farashin auduga ya faɗi. Da aka ƙara shekaru cikin lissafin, sai alaƙar ta watse.

Masu ramuwa kashi 8 ne, kuma jita-jita ma ta ishe su hujja. Bayan harin 11 ga Satumba, laifukan ƙin Musulmi da FBI ta lissafa sun tashi daga 28 a 2000 zuwa 481 a 2001. Kwana huɗu da harin aka harbe Balbir Singh Sodhi a jihar Arizona, alhali shi mabiyin addinin Sikh ne, rawaninsa kawai maharin ya gani.

Shi kuwa riƙaƙƙen da kowa ke tunani, wanda ya mai da ƙiyayya aikin rayuwarsa, bai kai kashi 1 ba. Amma idan ya tashi ɓarnar ba ta da kyan gani, kamar wanda ya kashe mutum 9 a wata cocin baƙaƙe a Charleston a 2015.

Rabe-raben nan ya shiga darussan horar da 'yan sanda a Amurka, amma yana da rauni. Daga gari ɗaya aka samo shi, kuma daga rubutun 'yan sanda aka ciro dalilin laifin, ba daga bakin masu laifin ba. Da Nickie Phillips ta gwada shi a kan ƙararrakin wata gunduma a New Jersey a 2009, wani kaso mai yawa ya ƙi shiga ko ɗaya daga gidajen huɗu, musamman inda ƙiyayyar ta cakuɗe da wata rigima ta daban tsakanin mutanen biyu.