Tarihin Gudanar da Zakka da Waƙafi a Ƙasar Zamfara

Gudanar da zakka da waƙafi a ƙasar Zamfara ya bi matakai uku: zamanin da sarakuna ke karɓa su raba, zamanin da aka bar wa mai dukiya ya fitar da kansa, da zamanin hukuma mai doka da ma'aikata da littattafan lissafi.

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, yankin da Gusau da Tsafe da Bungudu suke ya koma ƙarƙashin Sakkwato. Zakka ta zama haƙƙin baitulmali. Mai karɓarta, wato sa'i, yakan bi manoma da makiyaya ta hannun masu gari. A hatsin damina ana fitar da dami ɗaya cikin goma idan amfanin ya kai nisabi, shanu kuwa zakkarsu na farawa daga talatin, bisa mazhabar Malikiyya. Amana da sanayya su ne ginshiƙin aikin, domin mai gari ya san wanda ya noma da wanda ya rasa.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sai suka haɗa kuɗaɗen da talakawa ke biya, har da zakkar hatsi, suka mai da su haraji da jangali. Sunan baitulmali ya koma kan taskar En'e. Daga nan zakka ta fita daga hannun hukuma, kowa na miƙa tasa ga malaminsa ko danginsa ko maƙwabcinsa. Waƙafi ya tsaya galibi ga masallatai da rijiyoyi da maƙabartu da makarantun allo, sau da yawa ba tare da takardar shaida ba, abin da kan jawo gardama da magada bayan rasuwar mai bayarwa.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Cikin hukumomin da suka biyo baya akwai Hukumar Zakka da Waƙafi, mai hedikwata a Gusau, wadda wata doka ta 2003 ta fayyace ikonta. Hukumar ta kafa kwamitoci a masarautu da gundumomi, inda sarakuna da hakimai da limamai ke tara zakkar hatsi da dabbobi, a raba ta a yankin da aka karɓa. Ayyukanta sun haɗa da tallafa wa marayu da zawarawa, biyan kuɗin magani, biya wa fursunoni bashi, da bayar da jari ga masu ƙananan sana'o'i.

Wannan tsari ya sa ilimin fiƙihu kaɗai bai wadatar ba. Aikin ya buƙaci akanta da mai binciken kuɗi, da rajistar mabuƙata, da asusun banki, da takardun mallakar gidaje da filayen waƙafi. Wasu jihohi ma sun bi wannan hanya: Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato ta ɗaga kwamitinta zuwa cikakkiyar hukuma a 2016. A duniyar Musulmi, ƙungiyar AAOIFI da ke Bahrain ta fitar da ƙa'idojin lissafin zakka da na waƙafi.

Ƙwarewar ba ta kawar da matsaloli ba. Attajirai da yawa sun fi son raba zakkarsu da hannunsu, don haka hukumar Zamfara na dogaro sosai da tallafin gwamnati. Ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya tsananta bayan 2011, ya rage noma da kiwo a karkarar Tsafe da Bungudu, ya kuma ƙara yawan marayu da 'yan gudun hijira a Gusau. Masu bayarwa sun ragu a daidai lokacin da masu karɓa suka ƙaru, shi ya sa masana ke ƙarfafa waƙafi mai kawo kuɗin shiga, kamar gidajen haya da shaguna, tare da bayyana rahoton kuɗi ga jama'a duk shekara.